Littafin da Ruwa Ya Gyara

Shekara ashirin da bakwai ya yi a maɗaba'a yana farautar kurakurai a littattafan mutane da jan biro. Da ya yi ritaya sai ya lura ashe duniya ma cike take da kurakurai, kuma babu mai bin ta da jan biro. Nan ya zauna ya rubuta nasa littafin, babi arba'in cif, ya sa masa suna Yadda Ake Gane Mutum a Gani Ɗaya. Tun daga nan mutanen gidan benen da yake zaune suka manta da sunansa na asali, kowa sai ya ce Malam Gani-Ɗaya. Shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana wannan rubutu, da alƙalamin tawada irin na da. Kan babi da lambar shafi ne kawai yake sa wa jan biro. A fuska ɗaya ta takarda yake rubutu, domin a maɗaba'a ba a rubutu a bayan takarda, ba a ma juya ta. Kwafi ɗaya ne tak a duniya. Ya ƙi kai shi a buga masa a na'ura, wai ya kalli idanun masu bugawar ya ga ɓarayin hikima ne. Gidan waya kuwa ko sunansa ba ya son ji.

Amma bai yi wa maƙwabta rowarsa ba. Tela da ke ƙarƙashin matakala, da Direba na sashen da ke kallon nasa, da Inna mai kanti wadda kantinta ke daidai ƙasan kicin ɗinsa, babu wanda bai sha karatu ba har ya ƙoshi. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, kowa Sista yake ce mata. Mace ce marar yawan magana. In ya gama karanta mata babi, sai ta ce, "To," ta ci gaba da ninke kaya.

Ana nan sai wani kamfanin buga littattafai ya aiko masa da wasiƙa. Tunda ya ƙi aiko da rubutun, in ji su, editansu zai zo da kansa ranar Asabar da hantsi ya duba. Sau ɗaya zai zo, don ba al'adarsu ba ce bin marubuta gida.

Da safiyar Asabar ɗin Sista ta shirya za ta asibiti.

"Malam, bututun nan na ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya ƙara yoyo. Na kira mai gyaran famfo, shi ma yau da hantsi zai zo."

"Ba na ɗaure shi da roba ba?"

"Robar ce ke kuka yanzu. Don Allah in sun zo ka tambayi kowa ko shi wane ne."

"In tambaya?" Malam ya ajiye kofin shayinsa. "Ni? Babi na bakwai, Sista."

"To," in ji Sista, ta ɗauki jakarta ta fita.

Malam ya jera babi arba'in ɗin nan a kan dardumar falo, tsibi-tsibi, yadda ake jera takardu a maɗaba'a kafin a ɗinke, tun daga bakin ƙofar kicin har gindin kujera. Ya sa kwat ɗinsa, ya sauka ya tsaya a bakin matakala yana shelar abin da zai faru.

"Yau za ku ga ilmi da idonku. Mutum biyu za su zo, edita da mai gyaran famfo. Ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Ba zan bar kowannensu ya buɗe baki ba, zan kai kowa inda ya dace."

Tela ya ɗaga kai daga keken ɗinki. "In ka kuskure fa, Malam?"

"In na kuskure, in yi mako guda ban karanta wa kowa ko layi ɗaya ba."

"Allah ya ba mu wannan mako," in ji Inna daga cikin kanti.

Ba a daɗe ba sai ga wani mutum ya turo tsohon keke. Rigarsa ta koɗe, hannayensa baƙi ƙirin da mai, ga sifana tana leƙe daga aljihunsa. Ya jingina keken, ya yi sallama.

"Don Allah ina neman..."

"Kada ka ce komai!" Malam ya ɗaga hannu. Ya zagaya shi sau ɗaya, ya juyo ga Tela. "Babi na goma sha biyu: hannun mutum shi ne takardar shaidarsa. Dubi mai, dubi sifana. Biyo ni, bawan Allah, aikinka na sama."

"Ai sarƙar keken ce ta..."

"Kowane mai gyara da nasa uzurin makara. Na yafe."

Ya ja shi sama, ya bi da shi ta gefen darduma yana cewa ya ɗage ƙafa kada ya taka abin da ya fi ƙarfin saninsa. Mutumin ya tsaya yana kallon takardun da sha'awa, har ya sunkuya, amma Malam ya tura shi kicin.

"Ga shi can. Kwance robar tukuna."

"Malam, ni fa daga..."

"Daga wajen Sista, na sani. Kwance."

Mutumin ya dubi Malam, ya dubi bututun da ke ɗiga cikin wani tsohon kwano. Da alama irin mutanen nan ne da ba sa iya wuce abin da ya lalace ba su taɓa ba. Ya durƙusa, ya sa hannu ya warware robar. Ashe ita kaɗai ke riƙe da mutuncin bututun. Ruwa ya yi tsalle ya mare shi a fuska. Ya yi maza ya danne wurin da babban yatsa.

Daidai nan aka yi sallama a ƙasa.

"Riƙe nan, ina zuwa," in ji Malam. Ya fita ya ja ƙofar kicin. Ya yi tunani kaɗan: bai kamata babban baƙo ya ga mutum baƙi ƙirin yana yawo a falo ba. Sai ya murɗa mabuɗi ya sa a aljihu, ya cusa tawul a ƙarƙashin ƙofar don kada ƙarar ruwa ta dami karatu.

Baƙo na biyu ya sha farar riga mai guga, da tabarau, da baƙar jakar fata a hannu. Abin da ya fi kama idon Malam shi ne fensir a bayan kunnensa.

"Kun gani?" ya ce wa Tela da Inna, murya ƙasa-ƙasa amma yadda titi duka zai ji. "Shekara ashirin da bakwai ina cikin mutanen littafi. Duk wanda ka ga fensir a kunnensa, namu ne. Barka da zuwa, ranka ya daɗe! Hau, hau."

Baƙon ya ji kunya. Saurayi ne mai ladabi, wanda aka koya wa ba a katse babba.

"Baba, ka yi haƙuri da kayan nan, daga taron makarantar 'yata nake. Sista ce ta..."

"Har Sista ka sani? Kai, kamfaninku na bincike! Zauna nan, a kujerata."

"Baba, in fara ganin wurin da..."

"Ba a aiki kafin shayi."

Ya zuba masa shayi, ya tura masa biskit, ya ɗauko babi na ɗaya ya tsaya a tsakiyar falo ya soma. Tela ya bar ɗinki ya hau ya tsaya a bakin ƙofa, wai kada a ba shi labari. Malam ya karanta yadda ake gane maƙaryaci daga ɗaurin takalminsa. Ya karanta yadda ake gane marowaci daga yadda yake riƙe cokali. Baƙon ya dubi cokalin da ke hannunsa, ya ajiye shi a hankali.

A babi na uku ne baƙon ya fara karkata kai wajen kicin.

"Baba, ina jin ƙarar ruwa."

"Ka ji kunne!" Malam ya dubi Tela. "Haka manya suke, komai ƙanƙantar abu ba ya wuce su. Kada ka damu, ranka ya daɗe, akwai mai gyara a ciki."

"Akwai mai gyara?" Fuskar baƙon ta canza. Ya ɗauka an ba wani aikinsa, kuma an zaunar da shi ne don a ba shi haƙuri da shayi.

Daga kicin aka ƙwala kira. "Malam! Yatsana ya gaji! A rufe ruwan daga ƙasa!"

"Masu gyaran zamani ke nan," in ji Malam. "Kai ka kira su, kai za ka yi musu aikin." Ya tsallake babi uku, ya faɗa na bakwai, don shi ne abin alfaharinsa. Bai kai rabin shafi ba sai muryar Inna ta taso daga ƙasa.

"Gani-Ɗaya! Ruwa na zubo mini ta rufi! A kan garin sabulu yake sauka! Sauko ka gani, ko sau ɗaya ne!"

Malam ya ajiye takardar a kan tsibinta. "Minti ɗaya, ranka ya daɗe. Kada ka taɓa komai, a jere suke."

A ƙarƙashin matakala akwai kan famfo huɗu a jere, kowanne yana rufe ruwan sashe ɗaya, babu mai alama. Tela ya ce a kira maigadin gidan a tambaye shi.

"A tambaya? Ƙarfe ma yana ɗaukar halin mai shi. Wannan mai sheƙi, a tsaye kyam, shi ne nawa."

Ya murɗa. Can sama aka ji ihu. Sai ga Direba ya leƙo ta kan matakala, tawul a ƙugu, kumfa tun daga kai har wuya, ido ɗaya a rufe.

"Wane marar tausayi ne ya ɗauke mini ruwa? Ƙarfe goma sha ɗaya zan ɗauki fasinja!"

"Gwaji ne," in ji Malam. "Ilmi ba ya tabbata sai da gwaji." Ya murɗa na biyu, injin wankin matar sashen baya ya tsaya, ita ma ta fito da nata jawabin. Ya kama na uku, wani tsoho mai tsatsa, ya ƙi motsi. Ya sa hannu biyu, ya dafa bango da ƙafa, ya ja. Kan famfon ya ɓalle ya biyo shi, suka zauna tare a cikin kwandon ƙyallayen Tela.

"Wannan kam ya ɗauki halin mai shi," in ji Tela. "Ba ya jin magana."

A lokacin kumfa ta fara fitowa daga kantin Inna, fara sol, tana tafiya a hankali kamar mai zuwa gaisuwa. Masu wucewa suka tsaya. Mai wankin mota na tsallaken titi ya taho da bokiti yana tambaya ko kyauta ce. Sai ga baƙo mai tabarau ya sauko da gudu, jakarsa a hannu, yana naɗe hannun riga.

"Baba, matsa in rufe."

Malam ya yi wuf ya miƙe, ƙyalle ja a kafaɗarsa, ya tare hanya da hannu biyu. "Wallahi ba za ka ɓata hannunka a gidana ba! Hannun da ke riƙe alƙalami? Koma sama, ranka ya daɗe, yanzu za mu shiga babi na takwas."

"Baba, ni fa..."

"Na san tawali'u ne. Babi na goma sha tara ya yi bayaninsa."

Suna cikin haka, ɗaya na son wucewa ɗaya na tarewa, Direba na zagi daga sama, Inna na kwashe ashana da sukari zuwa waje, sai ga Sista ta dawo. Ta nemi izini ne a wurin aiki, don tun da ta fita hankalinta bai kwanta ba. Ta tsaya ta dubi kumfa, ta dubi mijinta, ta dubi mai tabarau.

"Sannu, mai gyaran famfo. Ka gama ne?"

Idon kowa ya koma kan mai tabarau. Kumfa kaɗai ke motsi.

Saurayin ya durƙusa ya buɗe baƙar jakar. Babu littafi ko ɗaya a ciki, sai sifana manya da ƙanana, da zarto, da guntayen bututu. Ya kama guntun ƙarfen da Malam ya bari, ya murɗa sau biyu. Ƙarar ruwa ta ɗauke. Ya buɗe wa Direba nasa, ya buɗe wa matar sashen baya.

"Fensirin fa?" in ji Malam da wata 'yar murya.

"Da shi nake sa alama a bututu kafin in yanka, Baba."

Tela ya share hawayen dariya. "To Malam, in wannan ne mai gyara, wane ne ka kulle a kicin?"

Ba a taɓa ganin Malam ya hau matakala da irin wannan sauri ba. Gidan duka ya bi shi, har da mai wankin mota. Ya ciro mabuɗi, ya fizge tawul, ya buɗe ƙofa.

Ruwan da ya taru a kicin kusan awa guda ya samu hanya. Ya fito gaba ɗaya, ya share babi na ɗaya, ya haɗa shi da na ashirin, ya kwashi sauran ya kai su gindin kujera. Darduma ta zama shuɗiya. A bayansa baƙon farko ya fito, jiƙe sharkaf, yana yarfa babban yatsa.

"Salamu alaikum," ya ce. "Ni ne editan. Sarƙar kekena ce ta zame a hanya. Sau uku na so in faɗa."

Malam bai ji shi ba. Ya durƙusa cikin ruwan yana ɗaga takardu ɗaya bayan ɗaya. Tawadar ta narke. Inda dā akwai layuka masu kyau, yanzu sai shuɗin girgije. Kan babi da lambar shafi ne kawai suka tsira, ja wur, a saman fanko. Shekara goma sha ɗaya. Tela ya daina dariya. Inna, da ta hau da niyyar faɗa, ta haɗiye abinta. Sista ta cire takalmi, ta shiga ruwan ta durƙusa kusa da shi, tana karɓar takardun tana shimfiɗawa a kan tebur.

Editan ya sa hannu yana taya su. Ya ɗaga wani shafi, ya juya shi don ya ɗige, sai ya tsaya.

"Wannan rubutun fensir na baya fa? Ruwa bai ci shi ba."

"Babu komai a baya," in ji Malam ba tare da ya ɗago ba. "Ba a rubutu a bayan takarda."

"Akwai kuwa. Kusan kowane shafi." Editan ya juya gaban. "Babi na bakwai. Me ke nan a da?"

Kafin Malam ya buɗe baki, Tela da Inna da Direba suka amsa baki ɗaya, kamar 'yan aji: "Mai hikima ba ya tambaya, ido ya ishe shi!"

Editan ya juya bayan ya karanta: "Shi ya sa muka zagaya tasha sau uku, muka tarar mota ta tashi."

Wani ya yi tari. Editan ya ɗauki wani shafin. "Babi na goma sha biyu."

"Hannun mutum shi ne takardar shaidarsa!"

"Na Malam bai taɓa shaida wankin kofi ba."

Direba ya fashe da dariya har sai da ya riƙe tawul da hannu biyu.

"Babi na ashirin da biyar?"

"Wanda ya san halin mutane ba a cutarsa a kasuwa!"

Editan ya karanta: "A dubi agogon falo." Kowa ya ɗaga kai. Agogon ya ce ƙarfe huɗu da rabi, kamar yadda yake cewa tun ranar da aka sayo shi.

"Babi na uku."

"Mai yawan shiru ba shi da abin faɗi!"

Editan ya karanta wannan a hankali. "Ko kuwa bai samu inda zai sa baki ba."

Malam ya karɓi takardar. Ya san rubutun. Shi ne a jikin kwalaben magani na gidan, shi ne a takardar cefane. Ya juyo ya dubi matarsa.

"Sista. Tun yaushe?"

"Tun babi na ɗaya," ta ce, kanta a ƙasa, tana matse gefen zanenta. "In ina share ƙura. Na san ba za ka juya ba."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"In na buɗe baki sai ka ce ka riga ka san abin da zan ce."

Editan ya zauna a hannun kujera, ruwa na ɗiga daga gemunsa, yana ta juya takardu yana murmushi.

"Malam, in gaya maka gaskiya. Littattafan masu cewa sun gane ɗan Adam sun cika mana ofis, duk wata sai an kawo uku. Ta ƙofa na ji babi uku na naka, da shi kaɗai ne da na ba ka haƙuri. Amma littafin da miji ke magana a shafin dama, mata na ba shi amsa a na hagu, ban taɓa samu ba. Wannan zan buga. Sai dai gaban ya tafi. Za ka iya sake rubuta shi?"

"Ko ya manta, mu ba mu manta ba," in ji Inna. "Ko a barci aka tashe ni zan kawo babi na tara."

"Amma sai bayan mako guda," in ji Tela. "Alkawari alkawari ne."

Malam ya miƙe a hankali. Wandonsa shuɗi ne har gwiwa, jan ƙyallen Tela na nan a kafaɗarsa. Ya dubi takardun, ya dubi editan, ya dubi jama'ar da ta cika masa falo. Aka ga ƙirjinsa ya fara komawa inda ya saba zama. Ya gyara kwat, ya yi gyaran murya.

"Ai ni ban yi mamaki ba. Shekara talatin da suka wuce, ranar da na fara ganin matar nan a bakin asibiti, gani ɗaya na yi mata na ce a raina: wannan marubuciya ce."

Sista ta ɗauki tsumma ta miƙa masa, ta nuna masa darduma.

"Malam," ta ce, "ranar ai yayata ka bi har gida."

Editan ya juya ga mai gyaran famfo. "Ɗan'uwa, ara mini fensirin nan. Wannan shi ne shafin ƙarshe."